Yadda Ake Tantance Masu Yanar Ido a Asibitin Sha-ka-tafi

Daga bakin mai unguwa da limamin Juma'a sanarwar zuwan masu duba ido take fita. Kafin ayarin ma'aikata ya iso daga Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, tsofaffi sun cika harabar asibitin ƙauye, kowanne da jikan da ke yi masa jagora.

Rajista da awon jini da na sukari ba sa cin lokaci. A kafa allon harafin E a tazarar mita 6, wanda bai yi boko ba ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Telan da zare ya daina shigar masa allura kuwa, nan take a ba shi tabarau ya tafi.

Gwanintar tana cikin ɗaki mai duhu. Ma'aikaciyar jinya za ta toshe ido ɗaya sosai, ta haska tocila daga sama, daga ƙasa, daga kowane gefe. "Baba, ta ina hasken yake zuwa?" Tana tambaya tana kallon ƙwayar idon. In ta tsuke, ya kuma nuna daidai, yana ce ta rufe gani, tiyata za ta yi amfani. In ba ta motsa ba, jijiyar gani ta lalace, sau da yawa sanadin hawan jinin ido, kuma wuƙa ba ta dawo da ita. Wani dattijon, don ɗokin a sa sunansa cikin waɗanda za a yi wa tiyata, sai ya ce yana gani. Ƙwararriya takan kashe tocilar a ɓoye ta sake tambaya.

Wannan tsanani yana da dalili. Mutum ɗaya ya koma gida bayan aiki bai gani ba, badi ƙauyen duka zai koma wajen masu ture yana da allura. Binciken makanta na Najeriya na 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda ita, hannun masu allurar suka bi.

Waɗanda suka tsallake, mota ta kai su ɗakin tiyata. A cire yanar, a dasa gilashin roba a gurbinta, washegari a kwance bandeji. Jikan da ya kawo su ake koya wa ɗiga magani, shi kuma ake gaya wa ranar dawowa.