Kuɗin Ƙasa da Harajin Gida: Yadda Ake Warware Bashin da ke Kan Kadara

A cikin watan Maris na shekarar 2025, Hukumar Babban Birnin Tarayya a ƙarƙashin minista Nyesom Wike ta ba da sanarwar soke takardun mallakar filaye 4,794 a Abuja, saboda masu su sun shafe shekaru 10 ko fiye ba su biya kuɗin ƙasa ba. Hukumar ta ce masu kadarori 8,375 ne take bi bashin da ya kusa kai Naira biliyan 7. Ran 26 ga watan Mayu na wannan shekarar aka fara garƙame gine-ginen, ciki har da hedkwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, kafin Shugaba Bola Tinubu ya sa baki a ƙara wa'adin kwana 14.

Rangwamen bai zo kyauta ba. Ban da bashin, an ɗora tarar Naira miliyan 5 a kan kadarorin tsakiyar birni, miliyan 3 a Maitama, Asokoro, Wuse II da Guzape, sai miliyan 2 a Wuse I, Garki I da Garki II. In aka raba bashin gaba ɗaya a tsakanin mutum 8,375, abin da zai faɗa wa kowa bai wuce Naira dubu 830 da 'yan kai ba. Ke nan wasu sun biya tarar da ta ninka ainihin bashinsu. Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa shi ne, irin wannan bashi a jikin kadara yake, kuma ƙanƙantarsa ba ta hana shi cinye takardar mallaka.

Wa ke bin ka, kuma bashin me?

Matakin farko shi ne mai gida ya bambance kuɗaɗen da ake nema a wajensa, domin ba hukuma ɗaya ke karɓarsu ba.

Na farko shi ne kuɗin ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mai satifiket ya mallaka shi ne izinin zama na wani wa'adi, galibi shekara 99, kuma sashe na 5 ya ba gwamna ikon neman haya a kai da kuma sake duba yawanta. A Abuja minista ke riƙe da wannan iko a madadin Shugaban Ƙasa, kuma kuɗin na wajaba ran 1 ga watan Janairu na kowace shekara, ko an aiko da takardar nema ko ba a aiko ba.

Na biyu shi ne harajin gida, wanda Tsarin Mulki na 1999 ya sanya kimanta shi a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, bisa adadin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Saboda haka mai gida na da damar ya tambayi jami'in da ya zo masa, da ladabi, dokar da ya dogara da ita.

A Jihar Legas, inda Hausawa da dama suka mallaki gidaje da rumbuna a Agege, Idi-Araba da Mile 12, tun 2001 aka haɗe kuɗin ƙasa, harajin gida da kuɗin gyaran unguwa suka zama haraji guda. An sake dokar a 2018, jama'a suka koka da tsadarta, aka kawo wata a 2020. Ana lissafa harajin ne bisa darajar kadarar da kuma irin amfanin da ake yi da ita: gidan da mai shi ke zaune a ciki ya fi na haya da na kasuwanci sauƙin kuɗi.

Abin da ke biyo bayan rashin biya

Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izinin zama idan an saɓa wa sharuɗɗan da ke cikin satifiket, kuma biyan haya na daga cikinsu. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta shafi filin da aka karɓe domin amfanin jama'a ne, ba ta haɗa da wanda aka ƙwace saboda saɓa sharaɗi ba.

Tun kafin a kai ga sokewa ma, bashin yana ɗaure dukiya. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da fili a birni sai da amincewar gwamna, ofishin filaye kuwa ba ya sakin wannan amincewa sai an share tsohon bashi. Ɗan kasuwar da ya nemi rancen banki domin shigo da kaya zai iya tarar da cewa gidansa na miliyoyin Naira bai isa jingina ba, saboda 'yan kuɗin da ya raina.

Hanyar warwarewa

Da farko, mai gida ya je da kansa ko ya aiki lauyansa ofishin filaye, wato AGIS a Abuja ko ma'aikatar kuɗi a Legas, ya nemi cikakken lissafin abin da ake bin sa a rubuce, shekara bayan shekara. Ya tafi da kwafin satifiket da dukkan tsofaffin rasidai.

Na biyu, ya duba lissafin da idon basira. Kurakuran da aka fi samu su ne girman fili da ba daidai ba, gidan zama da aka rubuta a matsayin na kasuwanci, da shekarun da aka biya amma ba a shigar ba. Idan da kuskure, ya rubuta takardar ƙorafi a cikin kwanakin da aka ƙayyade, ya kuma tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinsa. A Legas akwai kwamitin ɗaukaka ƙara na musamman a kan kimanta haraji. Ƙorafin baki ba ya tsayar da tara.

Na uku, idan kuɗin sun fi ƙarfinsa a lokaci guda, ya nemi a raba masa biya, a kuma rubuta yarjejeniyar. Ya biya ta banki, cikin asusun gwamnati da aka nuna a takardar. Kuɗin da aka damƙa wa wani a bakin ƙofa ba su shiga littafi.

Na huɗu, bayan ya kammala, ya karɓi takardar shaidar cewa ba a bin kadarar komai, ya adana ta tare da satifiket.

Wanda aka riga aka soke takardarsa kuwa, kada ya ɓata lokaci wajen ganin lauya. Sashe na 28 da na 44 sun wajabta a isar da sanarwar sokewa ga mai fili, kuma Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da ba a bi wannan ƙa'ida ba. Sai dai nasara a kotu ba ta yafe bashin. Don haka wanda ya sauya adireshi ya sanar da ofishin filaye, domin takardu su riƙa isa gare shi.

Mai saye, magaji da ɗan haya

Mai sayen gida ya binciki rajistar filaye kafin ya biya, ya kuma cire duk bashin da ya tarar daga cikin kuɗin ciniki, domin hukuma gidan za ta bi, ba wanda ya sayar ba. Ya hanzarta mayar da takardu zuwa sunansa. Magada su sa kuɗin ƙasa a jerin basussukan da ake biya kafin rabon gado. Mai ba da haya kuma ya bayyana a yarjejeniya wanda zai biya haraji, ya riƙa karɓar rasidin da kansa.

Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce su sanya wannan kuɗi a kasafin watan Janairu, kamar yadda suke ware kuɗin hayar shago da na sabunta lasisi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.