Shawara Da Adalci: Darasi Daga Halifa Umaru Ɗan Abdul'azizu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mulki a Musulunci amana ce, kuma yana tsaye ne bisa shawara da adalci. A Suratush Shura, aya ta 38, Allah Ta'ala Ya yabi muminai da yin shawara a kan al'amuransu. A Suratul Hashri kuwa, aya ta 7, Ya bayyana hikimar rabon dukiyar ganimar da aka samu ba da yaƙi ba, wato don kada ta riƙa kewayawa a tsakanin mawadata kaɗai. Saboda haka zaɓen shugaba ba ya wadatarwa muddin ba a sauke wa talaka nauyin da aka ɗora masa ba.

Misalin wannan shi ne Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya hau mulki a shekara ta 99 bayan Hijira, wato 717 Miladiyya. A zamanin nan sarauta ta riga ta zama gado a gidan Banu Umayya. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da aka naɗa shi sai ya hau mumbari, ya warware wa mutane mubaya'ar da aka yi masa, ya ce su zaɓi wanda suke so. Jama'a suka ce shi suka yarda da shi.

Daga nan ya shiga mayar da kayan zalunci, ya kuwa fara da gidansa. Gonakin da ke hannunsa ba bisa haƙƙi ba ya mayar da su, kayan adon matarsa Fatima 'yar Abdulmaliki kuma aka kai baitulmali. Sa'an nan ya juya kan danginsa, ko da yake sun yi ta gunaguni. Ya kuma hana gwamnoni karɓar jiziya daga waɗanda suka riga suka musulunta, duk da cewa hakan ya rage kuɗin da ke shiga taska. Bai cika shekara uku a kan mulki ba ya rasu, a shekara ta 101, amma har yau da shi ake misalin adalci.

Ƙasar Hausa ma ta san wannan darasi. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, ta ɗauki kukan talaka a kan haraji da jangali. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Ƙuri'ar talakawa ce ta kawo wannan sauƙi.

To, wajibi ne mai zaɓe ya san ƙuri'arsa shaida ce da za a tambaye shi a kanta. Wanda ya sayar da ita da atamfa ko mudun shinkafa ya yi shaidar zur. Wanda aka zaɓa kuma, idan da gaske gyara yake nufi, sai ya fara da aljihunsa da na danginsa kafin ya waiwayi na wasu.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya ba talakawa basirar zaɓen nagari. Amin.