Zaɓen Nau'in Gurbi a Manhajar Karɓar Ƙorafin Abokan Ciniki

Manhajar karɓar ƙorafi, irin su Zendesk da Freshdesk da osTicket, tana buɗe wa kowane ƙorafi tikiti mai lamba, a riƙa bibiyarsa har a warware shi. Takan zo da gurabenta na asali, kamar sunan mai ƙorafi da bayanin matsalar da matsayin tikitin. Sauran kuwa mai sana'a ne ke ƙarawa gwargwadon buƙatarsa, kuma kowane gurbi da nau'insa. Kuskuren da ya kamata masu sayar da sola da wakilan POS da dillalan taki a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su guje wa shi ne barin komai a gurbin rubutu, kowane ma'aikaci ya cika yadda ya ga dama.

Illar hakan ba ta bayyana sai ranar da aka nemi lissafi. Wani ya rubuta "Sule Tankarkar", wani "Suletankarkar", wani "S/Tankarkar", manhaja kuma ta ɗauke su garuruwa uku daban. Daga nan babu mai iya faɗin yankin da batir ya fi lalacewa, ko inda ya dace a tura mai gyara. Maganin shi ne gurbin zaɓi, inda ake jera sunaye tun farko, ma'aikaci ya taɓa ɗaya. Freshdesk ma tana da gurbi mai rassa: a zaɓi ƙaramar hukuma, sai mazaɓunta kaɗai su fito. Ya kamata jerin ya ƙunshi Jamhuriyar Nijar, domin kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana tara mutane daga ƙetaren iyaka, su ma suna saye, suna kuma dawowa da ƙorafi.

Lambar waya ta fi komai ruɗa mutane. Ganin alƙaluma ne sai a sa ta a gurbin lamba, alhali wannan gurbi na abin da ake tarawa ne ko ragewa, kamar yawan buhuna. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili, kuma sifilin nan yakan ɓace idan aka kwashe bayanan zuwa Excel. Ta Nijar alƙaluma 8 ce. Don haka a yi amfani da gurbin rubutu mai ƙa'ida, wanda zai karɓi +234 da +227, ya ƙi lambar da ba ta cika ba. Haka ma lambar mita da ta rasit, gurbin rubutu ne ya dace da su.

Kuɗi yana buƙatar gurbi biyu, ɗaya na adadi, ɗaya na zaɓi tsakanin naira da sefa. Ranar saye ta shiga gurbin kwanan wata, domin "kasuwar da ta wuce" ba ta nuna ko garanti ya ƙare. Tambayar da amsarta e ko a'a ce, akwatin da ake sa wa alama ya ishe ta. Gurbin harshe, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, yana taimakawa wajen haɗa mai ƙorafi da wanda zai fahimce shi.

Kada a taɓa buɗe gurbin PIN ko cikakkiyar lambar katin banki. NIN da BVN ma sai da dalili mai ƙarfi, domin dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanai alhakin tsare su, ta kuma hana karɓar abin da ya wuce buƙata.

Guraben dole su zama kaɗan. Idan suka yi yawa, ma'aikacin da layi ya taru a gabansa zai cika su da ƙarya don ya wuce. Sannan a zana tsarin a takarda, a gwada shi da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe kafin a shigar, domin a Zendesk ba a canza nau'in gurbi bayan an ƙirƙire shi, sai dai a buɗe sabo a kwashe bayanan.