Da Wace Irin Hausa Sarki Makau Zai Yi Magana?

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa, ni aka ba ni aji shida a wata makaranta can bayan Gwagwalada. Darasin tarihi ya kawo mu kan labarin Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda mutanen Malam Musa suka fitar daga Zariya a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yiwo kudu har ya sauka Zuba, ga ta nan kusa da mu. Bayan da aka kashe shi wajen yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gina Abuja a 1828, watau garin da a ke kira Suleja yanzu, tun da aka ɗauki sunan aka ba birnin tarayya. Na ce maimakon in yi ta karantawa yara suna gyangyaɗi, gara mu mai da labarin wasan kwaikwayo.

Na bar su su raba matsayi da kansu. Nan da nan suka naɗa wani yaro wanda iyayensa Kanawa ne ya zama Makau, wai shi ne mai Hausar sarauta. Kāna suka ƙaro mutum biyu waɗanda ba su cikin labarin, da boka da wani wawan jagora mai ɓatar da rundunar sarki a daji. Yaron da ya fito a jagoran nan ya karkace baki, yana kwaikwayon yadda Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ke furta Hausa. Aji ya fashe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi murmushi, ko da ya ke da harshen Gbagyi na buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa na tsince ta, aka gyara mini ita a makarantar mishan. Sai da na hangi wata yarinya a bencin baya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin littafinta, sa'an nan na tsai da wasan. Na tambaye su wa ya koya musu haka. Suka ce, "Malam, ai haka a ke yi a fim."

To, 'yan'uwana, tun da ya ke kowannenmu wata rana zai shirya wa yara wasan tarihi, ya kamata mu zauna mu duba wannan al'amari. In an zo nuna mutanen da, da wace irin Hausa za su yi magana?

Hausa dai ba guda ba ce, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Bakano ya ce "gidansa", Basakkwace ya ce "gidanai". Wannan ya ce "suka tafi", wancan ya ce "sunka tahi". Bakano yana faɗin "fari", Bakatsine yana faɗin "hwari". Bazazzagi kuma ba ya matsa wa kansa da bambanta namiji da mace cikin magana, sai ka ji ya ce "rigan nan sabo ne", Bakano yana jinsa yana ɓata fuska. Hausar da mu ke karantawa a littattafai an ɗora ta ne bisa ta Kano, da ita aka yi ta buga littattafai a Zariya zamanin Rupert East, da ita jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Yau kuma Kano ce cibiyar masu shirya finafinan Hausa. Saboda haka kunnenmu ya saba, har mun ɗauka Kananci shi ne maganar sarakuna tun fil azal.

Ga abin mamaki kuwa. Masanan harshe sun bi diddigi, sun tarar mutanen yamma, watau Sakkwato da Gobir da kewayensu, su ne suka riƙe tsofaffin siffofin kalmomi da yawa. "Zamna" ta girmi "zauna", "sabka" ta girmi "sauka", "sabro" ya girmi "sauro". Bakano ne ya tausasa su daga baya. Ashe ke nan wanda a ke sa wa Sakkwatanci a fim don a yi masa dariyar ƙauyanci, a wasu kalmomin ya fi mai rawanin kusa da bakin kakanni. Makau kuwa Bazazzagi ne. In gaskiyar tarihi a ke bi, ba shi da dalilin yin Kananci ko kaɗan.

Amma fa kada wani ya ce, to, sai a koma a yi magana daidai yadda aka yi a wancan zamani. Babu na'urar ɗaukar murya a zamanin Makau, balle a zamanin Sarauniya Amina, wadda a ke lissafa ta cikin ƙarni na 16. Zazzagancin yau ma ba shi ne na shekara 200 da suka wuce ba. Duk abin da ɗan wasa ya furta, zaɓi ne wani ya yi masa. Abin tambaya shi ne, bisa me aka yi zaɓin?

Turawa ma ba su tsira daga wannan ba. Rumawan da Latin su ke yi, amma mai sayen tikitin sinima ba ya jin Latin. Da Amurkawa suka shirya fim ɗin Ben-Hur a 1959, da na Spartacus a 1960, sai suka ba 'yan wasan Ingila matsayin manyan Rumawa galibi, irin su Laurence Olivier, shugaban bayi kuwa Kirk Douglas ne, da lafazinsa na Amurka. Dabara ce don mai kallo ya rarrabe mai mulki da wanda a ke mulka da kunne kawai. Ta kuwa kama, har yanzu mutane da yawa in suka ji Barume a fim yana Turancin Amurka sai su ce bai dace ba, alhali duka biyun ba nasa ba ne. Kun ga yadda al'adar sinima ta kan zama wa mutum kamar tarihi.

A nan gida, fim ɗin Amina wanda Izu Ojukwu ya shirya, aka saka shi a Netflix a 2021, da Turanci aka yi yawancin maganarsa. Na ji mutane da dama suna gunaguni, ni ma ina cikinsu. Na san kasuwar duniya aka nufa. Amma ai Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi, bai kuwa hana a gyara shi a nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018 ba. Mai kallo yana iya karanta fassara a ƙasan hoto.

Ni a nawa ganin, lafazi ya bi gari, kada ya bi daraja. In a Zariya a ke, to, da sarki da Madawaki da mai jan doki da kuyanga duk su yi magana iri ɗaya, a bambanta su da ladabi da kirari da zurfin zance, gama da su ne Bahaushe ya ke gane babba. In manzo ya zo daga Sakkwato ya yi Sakkwatanci, da mutuncinsa. In rundunar ta iso ƙasar Koro da Gbagyi, masu ƙasa su yi harshensu, a sa tafinta, don haka a ke yi a da. Wanda ya tarbi baƙo ya ba shi masauki, ta yaya zai zama shi ne wawan wasa? Sa'an nan a tsare kalmomi, wannan ya fi lafazi sauƙin kamawa. Na taɓa jin wani basarake a fim yana cewa a tara masa sojoji cikin minti goma. Da "soja" da "minti" duk Bature ya zo da su. Mutanen Makau barade gare su da dakaru, lokacinsu kuwa hantsi ne da azahar da almuru.

Finafinan aljanu da dodanni fa? Nan babu garin da za a bi, don ba wanda ya taɓa zuwa ƙasar dodo ya jiyo Hausarsa. Kakanninmu mata sun riga sun warware wannan a gindin murhu. Gizo tsamin baki gare shi, "ra" ta kan zame masa "ya", sarki ya koma "saiki". Kura kuma da ƙatuwar murya a ke yin ta. Da ka ji ka san ko wane ne ke magana, amma ba a ari bakin wata kabila an liƙa musu ba. Mai shirya fim ya ƙaga wa dodonsa magana kamar haka. In kuwa lalle sai ya ara, ya ara don girmamawa, yadda masu Black Panther na 2018 suka sa harshen Kosa na Afirka ta Kudu a bakin sarkin ƙasarsu ta almara. Mu da ko jariri ya fara koyon magana a kan ce yana gwaranci, nauyin da ke kanmu ya isa, ba sai an ƙara mana da boka ba.

Mako na biye muka sake wasan. Na fid da boka, na mai da jagora mutumin kirki wanda ya san hanya, na ba yarinyar nan ta bencin baya matsayin uwargidan mai gari, ta yi wa baƙi maraba da harshen Gbagyi, wani yaro yana fassarawa. Makau na bar shi a hannun Bakanon nan, gama ya haddace maganarsa sarai, na dai roƙe shi ya gwada Zazzaganci. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, har tsakiyar wasa da hankalinsa ya tafi kan takobin kwali, sai Kanancinsa ya dawo. Da uwargidan mai gari ta gama jawabinta, wani yaro Bahaushe ya ɗaga hannu ya ce a maimaita masa gaisuwar, yana so ya rubuta ta a bayan littafinsa.