Ɗan kasuwa, tsara cinikin baɗi tun kaka ba ta wuce ba

Aikina lissafi ne. Ina zama da masu shaguna, masu sarin hatsi, masu injin matsar mai da iyayenmu mata masu sana'ar cikin gida a Wad Haddad da ƙauyukan Hausawa na tsakanin Wad Madani da Sinnar a nan Sudan, muna buɗe littafin ciniki mu ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Asarar da na fi gani iri ɗaya ce: kaya su cika shago a lokacin da aljihun mai saye ba kowa, su ƙare a lokacin da ake rububinsu. Maganinta shi ne ka san watannin da kuɗi ke shiga hannun mutanenka, ka tsara sari da talla da bashi a kansu. Tun ran gini ran zane.

Kuɗin ƙauye yana da lokacinsa. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gandun noman rani na Jazira wanda yau faɗinsa ya haura fadan miliyan 2, cinikinmu yake bin bayan hawasha, wato gonar da manomi ke riƙe da ita a gandun. Daga Yuni zuwa Satumba manomi kashewa yake yi: iri, taki, noma, abincin ma'aikata. A wannan tsakani shago ba ya sayar da komai sai na dole, kuma a ƙananan awo. Wajen Oktoba ake fara yankan riɗi a gonakin damina na Sinnar da Gadarif, a cire gyaɗa, dawa ta biyo baya a Nuwamba da Disamba, sannan tsinkar auduga. Alkamar da aka shuka a Nuwamba ana girbe ta wajen Maris. A watannin girbin nan ne ake aure, ake rufin ɗaki, ake ɗinki, ake canza waya. Na ga mai shagon da ya zuba jarinsa a yadi da kwanuka a tsakiyar damina don ya same su da sauƙi, ya zauna yana kaɗe musu ƙura har kaka, alhali sukari da mai da sabulun da ake tambaya kullum sun yanke masa.

Sai kuma lissafin wata, wanda ba ya jiran girbi. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara: a 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, a 2027 ana sa ran farkon Fabrairu. Ma'ana, a shekarun nan azumi yana faɗowa bayan an sayar da dawa, kafin kuɗin alkama ya shigo sosai. Mata kuwa suna fara aikin abre, wato hilu-mur, tun Rajab da Sha'aban, don haka dawa da kayan ƙamshinsa suna tafiya kafin a ga wata. Sukari, dabino, zoɓo da mai su bi baya, sannan kayan yara da garin cincin na ƙaramar salla. Wanda ya jira sai an fara azumi ya hau mota zuwa Madani sari, zai tarar da farashi ya riga shi tashi. Ka ɗauki takarda ɗaya, ka jera watanni 12, a gefe guda ka rubuta shuka da girbi, a ɗaya gefen azumi, salloli biyu, mauludi da komawa makaranta. Daga ranar da kake son kaya su kasance a shago, ka ƙidayo baya ka sa ranar sari.

Abu na gaba, ka sake sanin masu sayenka. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na shekarar, kuma sai 11 ga Janairu 2025 sojoji suka karɓe garin. Tsakanin nan gidaje sun watse, wasu sun dawo, wasu suna can inda suka yi hijira, baƙi kuma sun zauna. Mai gidan da da yake ɗaukar buhu, yau kofi yake aunawa. Wani gidan kuma ɗansu na Saudiyya ko Masar ne ke turo musu kuɗi a ƙarshen wata. Ka rubuta gidajen da suka fi ciniki da kai, me suke saye, yaushe, kuma da me suke biya. Waɗanda suka daina zuwa, ka taka ka gaishe su, ka yi musu jaje ko barka da dawowa. A nan za ka ji dalilin da ba za a faɗa maka a bakin shago ba.

Talla a wurinmu ba ta bukatar allo mai tsada. Mai agashe da ya hura wutarsa a inda motocin Sinnar ke tsayawa, a daidai lokacin da suke tsayawa, ya gama talla. Hajiya mai dakuwa ko mai godo-godo, idan ta riƙe ɗanɗano ɗaya da awo ɗaya, ta sa lambar waya a jikin roba, ta sanar a WhatsApp kwana ɗaya kafin ranar kasuwa, oda za ta riga ta isa. Hoto ya zama na kayan da ke hannu, farashi na ranar. Ka ware wa talla wani ɗan kaso tun farkon shekara, ka kashe shi a makonnin da kuɗi ke hannun jama'a. Duk sabon da ya zo, ka tambaye shi wa ya nuno masa kai, ka rubuta. Bayan wata uku za ka san hanyar da ke kawo ciniki da wadda ke cin kuɗi kawai.

Batun farashi shi ya fi cin mutane ba su sani ba. A Fabrairu 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, tun daga nan kuma ƙasa yake yi. Saboda haka ka ƙidaya jarinka da kaya. Idan ka fara da buhu 10, ka sayar, kuɗin ya fi na da yawa amma buhu 8 kawai zai sayo, to ka yi asarar buhu 2 ko da aljihu ya cika. Ka sa farashi bisa abin da za ka biya a sari na gaba, ka kuma tanadi dillali fiye da ɗaya, ɗaya a Madani ɗaya a Sinnar, don in hanya guda ta toshe.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba mai hana maƙwabcinsa a damina. Amma ka yanke masa iyaka tun yanzu: kaso nawa na jari zai iya fita, wa za a ba, yaushe za a biya. A rubuta a gaban shaida, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta umarta. In za ka ba manomi kuɗi a kan amfanin gona, a fayyace awo, iri da rana, a yi adalci a farashi. Shel, wato irin wannan bashin kan amfanin gona, in yana shaƙe manomi, yana ba ka riba kaka ɗaya, ya raba ka da shi da danginsa har abada.

A wajen karɓar kuɗi, biya ta manhajar Bankak ya zama ruwan dare, musamman bayan canjin takardun kuɗi na Disamba 2024. Kada kaya su fita a kan hoton sanarwa, sai ka ga kuɗin a asusunka. Ka kuma tuna Fabrairu 2024 da layukan waya suka ɗauke, ciniki ya tsaya cak. Ka riƙe ɗan tsaba a gefe da littafin takarda.

Alhaji, Hajiya, wannan duka zaman yamma ɗaya ne. Ku kira yaron shago ko 'yar da ta iya rubutu, ku cike takardar watanni, ku jera sunayen masu saye, ku ƙidaya jari da buhu, ku yanke iyakar bashi da kason talla. A ƙarshen kowane wata ku buɗe ku gyara. Allah ya sa albarka a nema, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.