Mai Juna Biyu da Gaɓar Teku Mai Duwatsu

Iyo motsa jiki ne mai amfani ga mai juna biyu, domin ruwa yana ɗauke nauyin ciki, yana kuma rage ciwon baya. Amma ba kowane ruwa ake shiga ba.

Iyalanmu da yawa suna ziyartar 'yan'uwa a Legas, Akara ko Takoradi, a kai su kallon teku. Akwai wurare irin su Cape Three Points, can ƙarshen kudancin Gana, inda gaɓar take cike da manyan duwatsu, kuma asibiti yana da nisa. Irin wannan wuri na kallo ne, ba na wanka ba.

Me ya sa?

1. Duwatsun suna da gansakuka mai santsi. Yayin da ciki ya tsufa, nauyi yana rinjayar mace gaba, gaɓoɓinta kuma suna saki, don haka faɗuwa ba ta da wuya. Faɗuwa a kan ciki tana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa.
2. Igiyar ruwa tana iya tasowa babu zato, ta maka mutum da dutse.
3. Akwai ruwa mai ja zuwa tsakiyar teku. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta a bayansa, ya ɗaga hannu neman taimako, ko ya yi iyo ta gefe har ya fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Maigida, ka riƙe hannun yara, kada a bar su da yaro ɗan'uwansu. Idan wani ya faɗa ruwa, kada a bi shi. A miƙa masa sanda, ko a jefa igiya ko jarka marar komai a rufe. Kada a danna masa ciki wai don ruwa ya fito. Idan ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a danna ƙirji, a nemi taimako.

'Yar'uwa, idan kin faɗi, ki zo asibiti a ranar ko da ba ki ji ciwo ba. Ki gaggauta idan kin ga jini, ko ciwon mara, ko faya ta fashe, ko motsin jariri ya ragu.

Kafin tafiya, ki shawarci ungozomarki a wajen awo. Allah Ya sauke ku lafiya.