Ƙofar Makarantar Likitanci: Yadda Ake Zaɓen Ɗalibai

Karatu: Daniyel 1:1-21

Da wuya a sami ikkilisiyar da babu wani yaro mai ƙoƙari da aka laƙaba wa suna "Likita" tun yana firamare. Sai shekarar neman shiga jami'a ta zo, yaron ya ci maki mai kyau, amma sunansa bai fito ba. Gida ya cika da baƙin ciki. Waɗansu iyaye su ce hannun maƙiya ne, waɗansu kuwa su shiga neman wanda za su ba kuɗi a ɓoye. Sau da yawa abin da ya faru shi ne iyalin ba su san yadda ake zaɓen ba tun farko.

Zaɓen matasa domin horo mai tsanani ba sabon abu ba ne. A nassin da muka karanta, Sarki Nebukadnezzar ya sa a tsamo samari masu lafiya da saurin fahimta daga cikin 'ya'yan Isra'ila, a koyar da su shekara uku a Babila. Da wa'adin ya cika, sarki da kansa ya zauna ya yi magana da su. Mu lura da matakai biyu a nan: an fara duba iyawa, daga baya aka gana da mutumin ido da ido. Makarantun likitanci da dama suna bin matakan nan biyu har yau.

Matakin Farko: Maki

A Nijeriya ɗalibi yana shiga karatun likitanci kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara 6. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, jami'o'i da yawa kuma ba su karɓa sai an same su a zama ɗaya. Sa'an nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Mai neman likitanci yana rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400, tun 2015 kuma da kwamfuta ake yin ta. Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo kowace shekara na shiga jami'a ne gaba ɗaya. Na likitanci yana can sama da shi nesa ba kusa ba, kowace jami'a kuma da nata.

Tun 2005 jami'o'i suka fara yin tasu tantancewar, wadda aka sani da Post-UTME. Gwamnati ta soke ta a 2016, ta maido da ita a 2017. Waɗansu sukan ba da sabuwar jarrabawa, waɗansu kuwa sukan haɗa makin JAMB da sakamakon sakandare su fitar da jimilla. Saboda haka bambancin A1 da C6 a Kemistiri, wanda yaro ya raina a aji shida, yana iya zama abin da ya hana shi gurbi.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba. A jami'o'in tarayya ana raba guraben kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta sun ci baya a ilimin boko. Yara biyu masu maki ɗaya suna iya neman jami'a ɗaya, a ɗauki wannan a bar wancan, ba tare da an yi wata rashin gaskiya ba. Kafin a cika takarda, a bincika ko jiharku tana cikin yankin jami'ar da aka zaɓa.

Guraben ma ƙididdigaggu ne. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci da na haƙori, ita ke yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ba a koyon duba majiyyaci a kan allo. Tun 2017 kuma duk gurbin gaskiya yana bi ta tsarin JAMB mai suna CAPS, inda ɗalibi zai ga tayin da kansa ya karɓa. Wanda ya ce ku kawo kuɗi zai shigar da yaronku ta bayan gida, zunubi yake sayar muku, takardar da zai kawo kuma ba za ta tsaya ba.

Mataki na Biyu: Ganawa

Yawancin jami'o'in gwamnati a ƙasarmu a kan maki suke tsayawa. Amma waɗansu masu zaman kansu, har da na ikkilisiyoyi, sukan ƙara da ganawa ta baki da baki. Iyalan da ke tura 'ya'yansu Birtaniya kuwa za su tarar cewa a can ganawa ginshiƙi ce, domin masu maki mai kyau sun fi guraben yawa, dole a sami wani ma'auni. Ya dace mu dubi tsarinsu, gama yana nuna mana abin da malaman likitanci suke nema a cikin matashi.

A Birtaniya ana miƙa takardar nema ta hukumar UCAS zuwa 15 ga Oktoba, ba a kuma zaɓi makarantun likitanci fiye da huɗu. Ana rubuta jarrabawar UCAT, wadda ke auna saurin tunani da yadda mutum zai yanke shawara a wani hali. Wanda ya haye sai a kira shi. A dā malamai biyu ko uku ne sukan zauna da ɗalibi a ɗaki ɗaya. Yanzu makarantu da yawa sun koma salon da Jami'ar Makmasta ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000: gajerun ganawa a jere, kowace 'yan mintoci kaɗan, kowace da nata mai tambaya. Hikimar ita ce, idan mutum ɗaya bai so fuskarka ba, ko ka daburce a zango ɗaya, sauran za su auna ka da sabon ido.

A wani zango za a iya haɗa ɗalibi da ɗan wasan kwaikwayo mai nuna fushi ko kuka, a ce ya faɗa masa labari marar daɗi. A wani a tambaye shi abin da zai yi idan ya ga amininsa yana satar amsa. A wani kuma a ce babban mutum mai cikakken hankali ya ƙi a ƙara masa jini saboda bangaskiyarsa. Ba ilimin magani ake gwadawa ba, ai shi ya zo koyo. Ana duba ko yana sauraro kafin ya yi magana, ko yana riƙe asiri, ko zai girmama shawarar majiyyacin da bai yarda da ita ba, ko kuma zai iya cewa "ban sani ba" ba tare da ƙarya ba.

Dubi yadda Daniyel ya yi da batun abincin sarki. Bai sayar da lamirinsa ba, bai kuma yi wa jami'in tsawa ba. Ya gane cewa mutumin yana tsoron rasa kansa, sai ya roƙa a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa. Wannan shi ne halin da masu ganawa suke nema. Matashi mai bi ba ya bukatar ɓoye bangaskiyarsa, amma ɗakin ganawa ba bagadin wa'azi ba ne, gobe kuma zai duba Musulmi, da mai bin al'ada, da wanda bai gaskata da kome ba.

Tambayar da ta fi kayar da yaranmu ita ce mafi sauƙi: don me kake so ka zama likita? Yaron da iyaye suka tura yakan haddace amsa, mai tambaya kuwa ya ji irinta sau ɗari. Wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar kakarsa, ko ya saba bin dattawa da zumuntar mata gaishe da marasa lafiya, yana da abin faɗa na kansa. A ganina nan ne mu iyaye muka fi yin kuskure. Mukan kashe kuɗi a kan darasin yamma, amma mukan hana yaro zuwa kusa da mai ciwo, muna cewa karatu ne aikinsa. Ga kuma wata gaskiya mai ɗaci: samun gurbi ba shi ne ƙarshen tacewa ba. A jami'o'i da yawa wanda bai ci darussan shekarar farko yadda ake bukata ba sai a mai da shi wani sashe, yaron da ba da son ransa ya shiga ba kuwa shi ne yakan fara gajiya.

Idan sunan bai fito ba, ana iya sake rubuta JAMB, ko a bi ta IJMB ko JUPEB a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kuma aikin jinya, haɗa magunguna, gwaje-gwajen asibiti da gashin ƙashi, waɗanda likita ba ya iya aiki in babu su.

A sujadar iyali ta wannan mako, bayan karatun nassin, uba ko uwa su zama majiyyacin da aka daɗe ana sa shi jira har ya fusata, yaron ya zama mai karɓarsa na minti biyar. Ƙannensa su saurara, su faɗi sau nawa ya katse wa majiyyacin magana.